Likita Cikin Kaki: Larrey da Hannayen Kuratan Napoliyon

A watan Yunin 1813, a wajen birnin Dresden na ƙasar Jamus, an tsare wasu samarin sojan Faransa sama da 2,000 a wani gidan kwastan, masu gadi sun kewaye su. Ba fursunonin yaƙi ba ne, ba kuma masu bore ba. Abu ɗaya ya tara su: kowannensu yana da rauni a hannu. Wani yatsu biyu sun tafi, wani harsashi ya huda masa tafin hannu ya fita ta baya, wani babban yatsansa ne ke lilo jikin 'yar fata. Da yawansu ba su cika shekara ashirin ba, kurata ne da aka kwaso daga ƙauyuka aka ɗora musu bindiga bayan horon 'yan makonni. A watan da ya gabata sun shiga yaƙi biyu masu tsanani, na Lützen ranar 2 ga Mayu da na Bautzen ranakun 20 da 21. Da aka zo lissafin waɗanda suka jikkata, sai aka ga raunin hannu ya yi yawa fiye da yadda aka saba. Wasu manyan hafsoshi suka kai wa sarki Napoliyon magana cewa yaran nan su ne ke harbin kansu don a sallame su su koma gida. Watanni shida ke nan da sarkin ya baro mafi yawan rundunarsa kwance cikin ƙanƙarar Rasha, don haka ba shi da kunnen jin cewa sabuwar rundunar da ya harhaɗa da ƙyar ita ma tana neman ƙofar gudu. Ya ce a zaɓi wasu daga kowace runduna a harbe a gaban 'yan'uwansu, gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Sai babban likitan fiɗa na rundunar, Dominique-Jean Larrey, ya roƙi a dakata, a bar shi ya duba hannayen tukuna.

An fi tuna Larrey da keken ɗaukar masu rauni da ya ƙirƙiro da kuma saurin wuƙarsa. Ni kuwa wannan roƙon nake ɗauka babban aikinsa. Likitan soja mutum ne mai iyayengiji biyu. Kakin jikinsa na runduna ne, albashinsa daga wajenta yake, umarninta yake bi. Ilimin da ke kansa kuwa da amanar da ya ɗauka haƙƙin majinyaci ne, ko wane ne shi. Yawancin ranaku iyayengijin nan bakinsu ɗaya, domin runduna ma so take sojanta ya warke. Ranar da suka saɓa, ranar ake sanin wane irin likita ne ke cikin kakin.

An haifi Larrey ranar 8 ga Yulin 1766 a ƙauyen Beaudéan, gindin duwatsun kudancin Faransa. Mahaifinsa mai ɗinkin takalma ne, ya kuma rasu yaron yana ɗan shekara 13. Da ƙafa ya taka zuwa birnin Toulouse wajen baffansa Alexis, likitan fiɗa a asibitin garin, a can ya koyi riƙe wuƙa. Ya ɗan yi aiki a jirgin ruwan yaƙi, ya ƙaro sani a Paris, sai juyin juya halin Faransa ya jefa ƙasar cikin yaƙi da maƙwabtanta. A 1792 aka tura shi rundunar da ke bakin kogin Rhine, kuma daga nan har 1815 da wuya a ambaci wani babban yaƙi na Faransa da babu shi a ciki. Don mai karatu ya san zamanin da ake magana, shekarar da aka gwabza a Tafkin Kwatto a nan ƙasarmu, 1804, ita ce shekarar da Napoliyon ya ɗora wa kansa kambun sarauta.

Abin da ya tarar a Rhine shi ya tayar masa da hankali. Ƙa'idar soja ta lokacin ta ce kekunan asibiti su tsaya wajen kilomita huɗu bayan runduna, kada su tare wa mayaƙa hanya. Wanda aka harba da hantsi sai ya kwanta inda ya faɗi har a tashi daga yaƙin, sannan manyan amalanke su lallaɓo cikin cunkoson dawaki da kaya. Kafin a iso gare shi an yi kwana guda, wani lokaci kwana da yini. Mai zubar jini ya riga ya tafi, mai karaya ƙafarsa ta kumbura ta fara wari, wanda ya rage da numfashi kuma masu kwasar ganima sun tuɓe shi. Larrey ya lura da wani abu da kowa ke gani amma ba wanda ya haɗa shi da jinya: 'yan igwa suna da ƙananan kekuna marasa nauyi da dawaki ke ja da gudu, su kai igwa inda ake so cikin ƙiftawar ido, har ana ce musu igwa mai tashi. In za a iya gaggauta kai mutuwa haka, me zai hana a gaggauta kai likita? A 1793 ya fara gwada abin da ya kira asibiti mai tashi. Keke ne mai rufi, an ɗora shi kan ƙarafa masu lanƙwasa don ya rage jijjiga, ƙasansa da katifa da ake zarowa a kwantar da mutum a mayar. Mai ƙafa biyu yana ɗaukar mutum biyu a kwance, mai ƙafa huɗu yana ɗaukar huɗu. Amma keken shi ne ƙaramin sashe na dabarar. Babban sashen shi ne mutanen da ke tare da shi: likitoci bisa dawaki da kayan aiki a jakar sirdi, da masu jinya da aka horar, suna shiga fagen daga ana cikin ɓarin wuta, su ɗaure jijiya, su tsayar da jini, sannan su kwashe mutum zuwa baya. Kafin 1797, a yaƙin Italiya, abin ya zama tsari mai rukuni-rukuni, kowane rukuni da mutum sama da ɗari da ƙananan kekuna 12.

Musulmi ba zai ji tunanin kusanto da jinya kusa da mai rauni baƙo a kunnensa ba. Mun san tantin Rufaida a masallacin Madina, inda aka kwantar da Sa'adu ɗan Mu'azu bayan kibiya ta same shi a yaƙin Gwalalo. Abin da Larrey ya ƙara shi ne mayar da jinƙan nan tsari mai ma'aikata da kaya da ƙa'ida, wanda ba ya jiran sai an dace da mutumin kirki a kusa. Duk motar asibitin da ke kuka a titunanmu yau jikar wancan keken ce.

Maganar wuƙarsa kuwa sai mutum ya daure kafin ya karanta. Babu maganin sa barci a zamaninsa, sai 1846 aka nuna wa duniya shi a birnin Boston, shekara huɗu bayan rasuwarsa. Ba a san ƙwayoyin cuta ne ke ruɓar da rauni ba, wannan sai wajen 1867 Joseph Lister ya fara magance shi. Harsashin lokacin dalma ce mai kauri kamar ɗan yatsa, in ta shiga sai ta tura tsumman riga da datti cikin nama, ta farfasa ƙashi. Manyan malaman fiɗa na Faransa sun daɗe suna koyar da cewa a jira kwanaki kafin a yanke gaɓa, mai rauni ya ɗan dawo hayyacinsa. Larrey ya ce sam. Ya ga da idonsa cewa jiran nan shi ne ke ba ruɓewa da zazzaɓi da cutar sarƙe haƙora damar shiga, kuma a sa'o'in farko jikin mutum yana cikin wani irin mutuwar jiki da ke rage zafin wuƙa. Ra'ayinsa shi ne in ƙashi ya dagargaje, a yanke cikin kwana guda. A kan wannan ya rubuta kundin digirinsa a 1803. Tun da babu abin kashe zafi, jinƙan da ya rage wa likita shi ne sauri. Da igwa ta farfasa ƙafar Mashal Lannes a yaƙin Aspern-Essling cikin Mayun 1809, bai cika minti biyu ba ya cire ta, ko da yake zazzaɓi ya ɗauke Lannes, aminin sarki, bayan kwanaki tara. A Borodino, kusa da Mosko, ranar 7 ga Satumban 1812, shi da kansa ya rubuta cewa ya yanke gaɓoɓi wajen 200 cikin sa'o'i 24. Mai karatu ya yi lissafin: kusan kowane minti bakwai hannu ko ƙafa, dare da rana, mutum na ihu, wasu na danne shi, hasken kyandir ne kawai in duhu ya yi.

Akwai abin da ya faru bayan Aspern-Essling da nake so a gani kusa, domin ya nuna halin mutumin. Rundunar Faransa ta ja da baya zuwa tsibirin Lobau a tsakiyar kogin Danube, gadoji sun karye, dubban masu rauni suna kwance a ƙasa, babu abinci. Larrey ya sa aka yanka dawaki, har da na hafsoshi. Babu tukwane, sai aka tuɓe sulken ƙarfe na mahaya aka ɗora kan wuta. Babu gishiri, sai aka barbaɗa albarushi. Romon ya fito baƙi ƙirin, amma da shi aka riƙe ran mutane har aka gyara gada. Masu dawaki suka kai ƙara, sarki bai hukunta shi ba, kuma a cikin wannan shekarar, bayan yaƙin Wagram, ya ba shi sarautar baron. A idon Larrey dokin janar bai kai ran kurtu ba, bai kuma tsaya neman izini kafin ya yi aiki da wannan ra'ayi ba.

Daga wannan ra'ayi ne ƙa'idarsa mafi daɗewa ta fito. Kafin shi, in masu rauni suka taru, bin muƙami ake yi: janar, kanar, kyaftin, sannan in lokaci ya rage a waiwayi saje da kurtu, abokin gaba kuwa sai dai Allah. Larrey ya kafa cewa a fara da wanda rauninsa ya fi haɗari, ba a duban girma ko lamba a kafaɗa. Ya ma ƙara da cewa masu ƙananan raunuka su jira ko su kai kansu baya, musamman hafsoshi tun da suna da dawaki. Ya yi wa 'yan Rasha da 'yan Ostiriya da mutanen Farusiya fiɗa a teburi ɗaya da Faransawa. Wannan shi ne tushen tantance majinyata da ake yi a sashen gaggawa na kowane asibitin kirki, kuma yarjejeniyar Geneva ta 1949 ta mayar da shi doka: babu abin da ke sa a gabatar da wani mai rauni kan wani sai larurar jinya.

Shekara ɗari biyu ke nan, amma mu ba mu gama koyon wannan ba. Na taɓa kwana a sashen gaggawa na wani asibiti ina jinyar ɗan'uwana. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya aka shigo da wani ɗan acaɓa a bayan a-kori-kura, cinyarsa a karye, jini ya jiƙe zanin da aka ɗaure masa. Aka shimfiɗe shi a ƙasa ana tambayar wa zai yanki kati. Ana cikin haka wata mota mai baƙin gilashi ta tsaya, aka fito da wani yaro da ya yanke a goshi, yankan da bai wuce ɗinki uku ba. Kafin ka ce kwabo ma'aikata sun yi kansa, ana ta ranka ya daɗe da mahaifinsa. Ɗan acaɓan nan ya kai wajen awa guda a ƙasa, wani dattijo da bai san shi ba yana riƙe da kansa yana ce masa, sannu yaro, yi ta salati. Ban san yadda ya ƙare ba, amma fuskarsa ba ta bar ni ba. Sai da aka kai 2017 kafin Najeriya ta yi dokar da ta wajabta wa asibitoci karɓar wanda aka harba ba tare da jiran takardar 'yan sanda ba. Abin da likitan soja ya gane cikin hayaƙin igwa, mu cikin zaman lafiya sai da majalisa ta zauna a kansa.

Duk da haka ba zan wanke Larrey tas ba, kuma wanda ya karanta tarihin Masar zai san dalili. A 1798 ya bi Napoliyon zuwa Masar a matsayin babban likitan fiɗa. A can ma ya nuna basira. Da ya ga keken doki ba ya tafiya cikin rairayi, sai ya sa aka yi wa raƙuma wasu dogayen kwanduna irin mangala, mutum ɗaya kwance a kowane gefe. Ya yi nazarin ciwon idon da ya makantar da sojoji da yawa, ya lura a Sham cewa tsutsar da ke shiga rauni mataccen nama take ci ta bar mai rai, har raunin ya fi saurin warkewa. Amma rundunar da yake yi wa hidima ta mamaya ce. Ita ce ta yi wa unguwar Azhar ruwan igwa a boren Alƙahira na Oktoban 1798, ta shiga masallacin da dawaki. Ita ce ta karkashe dubban fursunoni a bakin tekun Yafa cikin Maris 1799 bayan sun miƙa wuya. Sannan ga maganar Sulaiman al-Halabi, saurayi ɗan Halab da ya yi karatu a Azhar, wanda ya soke Janar Kléber na rundunar Faransa ya kashe shi ranar 14 ga Yunin 1800. Kotun sojan Faransa ta yanke a ƙone masa hannu, a tsire shi da ransa, haka kuwa aka yi, ya ɗauki sa'o'i kafin rai ya fita. Larrey ya karɓi ƙasusuwansa ya kai Faransa, aka ajiye a gidan tarihi kamar kayan nazari. Mutumin da bai yarda a fifita janar kan kurtu ba, bai ga cewa wannan gawa tana da haƙƙin kabari ba. Jinƙansa yana da faɗi, amma yana da iyaka, kuma iyakar ta faɗo kan mutanen da aka mamaye. Ina ganin rashin adalci ne a yabe shi a ɓoye wannan.

A tafiyar da rundunar ta yi daga Masar zuwa Sham, wanda ya tsaya wa sarki ido da ido abokin aikinsa ne, likita Desgenettes. Da runduna ke janyewa bayan ta kasa cin Akka, annoba ta kama sojoji, Napoliyon ya kawo shawarar a ba waɗanda ba za su iya tafiya ba maganin da zai ɗauke su cikin barci. Desgenettes ya ƙi, ya ce aikinsa raya mutane ne. Ga iyayengijin nan biyu sun fito fili: runduna na son ta yi sauri, majinyaci na son ya rayu.

Akwai masu cewa likitan soja, komai kirkinsa, ƙarfe ne a cikin injin yaƙi. Yana ɗinke mutum ne don a mayar da shi bakin wuta, kuma ganinsa a fagen daga yana ƙara wa soja ƙarfin zuciyar kutsawa. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Napoliyon bai ƙaunaci kekunan Larrey don tausayi kaɗai ba, ya san soja ya fi faɗa in ya tabbata ba za a bar shi ga ungulu ba. Kuma tantance majinyata da Larrey ya kafa don a fara da mafi rauni, rundunonin baya sun sha juya shi ya koma a fara da wanda zai fi saurin komawa daga. A 1943, a Arewacin Afirka, lokacin da fenisilin yake sabo kuma ɗan kaɗan, an yi muhawara a rundunar Birtaniya kan wa za a ba, masu munanan raunuka ko masu ciwon sanyi da za su warke cikin kwanaki su ɗauki bindiga, aka kuma karkata ga na biyun. To amma in an bi wannan hujja har ƙarshenta, sai a ce likita ya zauna gida don kada ya taimaki yaƙi. Ba a taɓa fasa yaƙi don rashin likita ba. An yi dubban shekaru ana yi babu shi, abin da ya bambanta kawai shi ne yawan waɗanda suka mutu da ƙishirwa a fili. Tun da za a yi, gara a sami mutum ɗaya a cikin kakin wanda amanarsa ba ta ƙare a kan umarni ba.

Sojoji kuwa sun san wanda yake nasu. A janyewa daga Mosko, cikin sanyin da ma'aunin da ya rataya a rigarsa ya nuna ya wuce digiri 30 ƙasa da sifili a lissafin yau, Larrey da ƙafa ya yi tafiyar yana jan dokinsa, yana gargaɗin mutane kada su kai gaɓar da ta daskare kusa da wuta domin ruɓewa take yi. A kogin Berezina, ƙarshen Nuwamban 1812, ya riga ya haye sai ya koma ɗauko akwatunan kayan fiɗa. Kafin ya juyo gada ta cushe, mutane na tattake juna, kowa ta kansa yake. Wasu suka gane shi, aka kira sunansa, sai ga mutanen da ke ture 'yan'uwansu cikin ruwa sun ɗaga shi sama, hannu zuwa hannu, har ƙetare.

Wannan mutumin ne, bayan watanni shida, ya shiga gidan kwastan na Dresden. Shi ne shugaban kwamitin likitoci, ga kuma hafsoshi suna sa ido. Hanya mai sauƙi a buɗe take: a duba 'yan kaɗan, a fitar da waɗanda albarushi ya ƙona musu fata, a ce ga masu laifi, sarki ya huce, hafsoshi su ji daɗi. Bai bi ta ba. Kwanaki aka yi ana shigo da su ɗaya bayan ɗaya. A kwance bandeji, a duba ta inda harsashi ya shiga da inda ya fita, a tambayi yaro a wane sahu yake tsaye, wa ke bayansa, hawa suke ko gangara, a tuɓe shi a ga ko akwai wani rauni a jikinsa, a rubuta wa kowa takardarsa daban.

Abin da ya gano, duk wanda ya taɓa kallon 'yan bindigar sarki ranar hawan salla zai gane shi nan take. Bindigar zamanin ta baki ake ɗura ta kamar bindigar toka: a zuba albarushi, a sa harsashi, a danna da sandar ƙarfe, kuma duk lokacin nan hannu yana daidai bakin bindiga. In ƙarfen ya yi zafi ko mai ɗurin ya rikice, yatsu ne ke tafiya. Sannan sahu uku Faransawa ke jeruwa su yi harbi, na biyu da na uku suna miƙo bindigoginsu ta kafaɗun na gaba. Tsohon soja ya san yadda zai riƙe tasa, amma kurtun da bai fi wata biyu da barin gona ba, cikin hayaƙi da firgita, hannun ɗan'uwansa na gaba yake samu. Shi ya sa ake ganin ƙunar albarushi a fata, wadda hafsoshi suka ɗauka shaidar laifi. Bayan haka a Bautzen tudu suka hau suna riƙe da bindiga a gaban ƙirji, abokan gaba na harbowa daga sama, hannu ne abin da harsashi ke fara tararwa. Da yawa cikinsu suna da wasu raunukan a jiki, wasu rigunansu duk huji ne, wasu ma tsofaffin sojoji ne da aka san jarumtarsu. Hukuncin kwamitin shi ne babu wata alama da likita zai iya bambance raunin da mutum ya yi wa kansa da wanda wani ya yi masa daga kusa, don haka ba a tabbatar da laifi kan ko mutum ɗaya ba.

A lura da abin da wannan rahoto ke faɗi a fakaice. In yaran ba su harbi kansu ba, to laifin na waɗanda suka tura su daga ba tare da horo ba ne, wato hafsoshin da suka kawo ƙarar da sarkin da ya matsa a tara su. Larrey ya san haka, ya kuma san mutumin da zai kai wa takardar ba ya son a nuna masa kuskure. Yana ƙaunar Napoliyon ƙauna ta gaske har ƙarshen ransa, wannan ma ya ƙara wa abin nauyi, domin faɗa wa maƙiyi gaskiya ya fi sauƙi. Ya kai da hannunsa. Waɗanda suka rubuta labarin sun ce sarkin ya karɓa fuska a murtuke, ya yi ta kai da komo, sannan ya tsaya ya kama hannun likitan ya gode masa. A daren ya aika masa da hotonsa mai ado da lu'ulu'u, da faran 6,000, da fanshon faran 3,000 a shekara. Ba a harbe kowa ba.

Kada kyautar ta ruɗe mu. Lokacin da yake rubuta rahoton bai san kyauta ce ke jiransa ko kora ba. Kuma ba wa'azi ya je ya yi wa sarki ba, bai ce a ji tausayin yara ba. Da ya yi haka da an ce likita ne mai raunin zuciya, a wuce shi. Iliminsa ya kai, hannu bayan hannu, takarda bayan takarda, har ya zama babu inda za a kama a musa. Abin da nake nema ga kowane likita mai kaki ke nan, ko a wace runduna yake: in aka kawo masa gawa daga ɗakin tsaro aka ce ya rubuta zazzaɓi, ko aka kawo sojan da yaƙi ya taɓa wa hankali aka ce ya rubuta ragwanci, ya duba da kyau, ya rubuta abin da idonsa ya gani.

A yaƙin Waterloo, ranar 18 ga Yunin 1815, alherinsa ya biyo shi. Da rundunar Faransa ta watse, mahayan Farusiya suka sare shi da takobi, suka tuɓe shi, aka yanke a harbe shi. Likitan da ya zo ɗaure masa ido ya gane shi, domin ya taɓa zama a darasinsa a Berlin. Aka kai shi gaban Mashal Blücher na Farusiya, wanda Larrey ya ceci ran ɗansa lokacin da aka kama shi da rauni a 1813. Blücher ya ciyar da shi, ya ba shi guzuri da 'yan rakiya. Napoliyon kuwa, a wasiyyar da ya bari a tsibirin Saint Helena, ya ba shi faran 100,000, ya kuma shaide shi da cewa bai taɓa sanin mutum mai nagarta kamarsa ba.

Ɗansa Hippolyte ya gaji aikin, shi ne babban likitan rundunar Faransa a yaƙin Solferino na 1859, inda ganin dubban masu rauni a yashe ya sa Henry Dunant ya fara kiran da ya haifi ƙungiyar Red Cross da yarjejeniyar Geneva ta farko a 1864. Uban bai ga wannan ba. A 1842, yana dab da cika shekara 76, ya nemi a tura shi duba asibitocin soja a Aljeriya, inda Faransa ke wata mamayar, tana yaƙi da Amir Abdulƙadir. Ya tafi tare da ɗansa, ya kamu da ciwon huhu a hanyar dawowa, ya rasu a birnin Lyon ranar 25 ga Yuli, kwanaki kaɗan bayan rasuwar matarsa. Burinsa shi ne a binne shi a Invalides, gidan tsofaffin sojoji da ke Paris, tsakanin mutanen da ya ɗinke. Ministan yaƙi na lokacin, Mashal Soult, ya hana. Da dama cikin marubuta tarihinsa na danganta wannan da tsohon ƙulli, domin ana lissafa Soult cikin waɗanda suka zargi kuratan Bautzen. Aka kai shi maƙabartar Père-Lachaise, ya yi shekara 150 a can. Sai a Disamban 1992 aka tono ƙasusuwansa aka mayar da su Invalides.